Matakan Kotu da Hanyar Ɗaukaka Ƙarar Zaɓe



Duk zaɓen da aka yi, wani zai yi murna, wani kuma zai ga an zalunce shi. Wanda yake ganin an tauye masa haƙƙi, doka ta shimfiɗa masa hanya, kuma ita ce zan bayyana muku a yau.

Kotunan kowace jiha hawa-hawa suke. A ƙasa akwai kotunan majistare da na gargajiya, da kotunan Shari'a a jihohin da suke da su. Sama da su akwai Babbar Kotun Jiha, sai kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'ar Musulunci ko na gargajiya inda aka kafa su. Wanda hukuncinsu bai gamsar da shi ba, sai ya nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan kuma Kotun Ƙoli da ke Abuja, wadda daga hukuncinta babu sauran ɗaukaka ƙara.

To amma ƙorafi kan sakamakon zaɓe ba ya bin wannan tsani tun daga ƙasa. Sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadar masa kotu ta musamman mai alƙalai uku, waɗanda Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara yake naɗawa. Ɗan takara ko jam'iyyar da ta shiga zaɓen ne kaɗai ke da ikon kai ƙara gabanta.

Inda shari'ar take tsayawa ya danganta da kujerar. Ta ɗan majalisar jiha ko ta tarayya tana ƙarewa a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ta gwamna tana kaiwa Kotun Ƙoli. Ta shugaban ƙasa kuwa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take farawa, ta ƙare a Kotun Ƙoli.

Kowane mataki yana da wa'adi. Mai ƙorafi yana da kwana 21 daga ranar da aka bayyana sakamako ya shigar da ƙara. Kotun zaɓe tana da kwana 180 ta yanke hukunci, kotun da aka ɗaukaka ƙara gabanta kuma kwana 60. Wannan wa'adi yana da dalili. Zaɓen gwamnan Jihar Osun na 2007, sai a watan Nuwamba na 2010 aka kammala shari'arsa, bayan an ci fiye da shekara uku daga wa'adin mulkin. Yau wanda ya bari kwana 21 suka wuce, ko da gaskiyarsa, ƙofa ta rufe.

Ina rawar mai jefa ƙuri'a a nan? Alƙali ba ya aiki da jita-jitar kasuwa, hujja yake nema. Hujjar farko kuwa ita ce takardar sakamakon rumfa, wadda wakilan jam'iyyu suke sa wa hannu, a ba kowanensu kwafi. Saboda haka ku jefa ƙuri'a, ku tsaya cikin natsuwa a ƙidaya ta a gabanku, ku tabbatar wakilinku ya karɓi tasa takardar.

Idan kuma kotun farko ta yanke hukuncin da bai yi muku daɗi ba, ku tuna akwai ta gaba da ita. Ƙona rumfa ko tare hanya ba su taɓa mayar wa kowa kujerarsa ba, sai dai su jawo asarar rai da dukiya, alhali takarda ɗaya mai sa hannu tana iya juya hukunci. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

Allah Ya ba mu zaɓe lafiya, Ya ba alƙalanmu ikon yin adalci.