Jawabi a kan Masai Ujiri, yaron Zariya

Iyayenmu dattawan Gabi, da ƴan'uwa masu zuwa ci-rani.

Da yawanku kun san Zariya. To, a can wani yaro ya tashi, sunansa Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, uwarsa likita ce ƴar Kenya. Yana da shekara 13 ya fara wasan ƙwallon kwando. Ya tafi Amurka karatu, daga nan ya yi wajen shekara shida yana wasa don kuɗi a Turai.

Gaskiya wasan nasa bai kai shi ko'ina ba. A 2002 ya bari, ya shiga nema wa ƙungiyar Orlando ƴan wasa, ba albashi, kuɗin tafiya ma daga aljihunsa. Aikin kuwa na ido ne da alƙalami: ka kalli yaro, ka rubuta rahoto. Da bai zauna aji ba, ina zai iya? Da wannan ya hau har ya shugabanci ƙungiyar Toronto ta Kanada, suka ci kofin NBA a 2019. Ya bar su a 2025.

Tun 2003 yake dawowa Afirka yana tara yara yana koya musu wasa, daga baya har da gina filaye.

Mu malaman lakkol roƙonmu biyu ne. Bana kada a fidda yaro daga aji a tafi da shi Najeriya kafin hutu. Filin da ke kusa da lakkol kuma, a taimaka mana da ƙarfe biyu da ƙwallo.