Ƙofar Takarda ta Sarki Maksimiliyan
(Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya)



An ce in yi magana a kan yadda sarakunan Turai na dā suke nuna mulki da dukiya ta hanyar zane. Misali guda zan ɗauka, wato Maksimiliyan na Ɗaya, babban sarkin ƙasashen Jamus, wanda ya rasu a 1519.

Sarakunan Rum sukan gina ƙofar dutse don tunawa da nasarar yaƙi. Shi kuwa Maksimiliyan ta takarda ya yi. Ya sa Albrecht Dürer, shahararren mai zane na birnin Nuramba, ya jagoranci aikin. Aka sassaƙa zanen a kan alluna 195 na katako, aka buga shi a manyan takardu 36. In an haɗa su a bango, tsayinsu ya kai mita uku da rabi. Shekarar 1515 aka rubuta a jiki, kuma bugun farko kusan kwafi 700 ne, aka rarraba wa birane da sarakuna.

Ƙofofi uku gare ta: ta Daraja da Iko a tsakiya, ta Yabo, da ta Asali. Bisa ta tsakiya ga bishiyar zuriyarsa, an ja ta har tsohon birnin Taroy, wanda ko malamanmu na tarihi za su yi murmushi a kansa. A gefe ga yaƙe-yaƙensa, ga aurensa da Maryamu ta Bagandi a 1477, auren da ya kawo wa gidansa ƙasashe masu arziki. Can ƙololuwa yana zaune da dabbobi kewaye, kowace da ma'anarta. Zaki, alal misali, jarunta ke nan. A taƙaice, kirari ne aka zuba a takarda.

To, amma jama'a, wannan sarki bashi ya yi masa katutu. Attajiri Yakubu Fugger na Ogsbag shi ke ba shi rance, ana biyansa da azurfa da tagullar ma'adinan Tirol. Duk wannan babu shi a zanen. Hatta albashin Dürer, gulda 100 a shekara, ba daga hannun sarki ya fito ba, umurni ya bayar a riƙa cirewa daga harajin Nuramba. Da sarkin ya rasu, sai da Dürer ya yi tattaki zuwa wurin jikansa, Sarki Cals na Biyar, a 1520, kafin aka tabbatar masa da shi.