Jawabi A Kan Jaririn Da Aka Kasa Tantance Jinsinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Maganar da zan yi yau tana da nauyi a baki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akan haifi jariri ungozoma ta duba ta kasa cewa namiji ne ko mace. Mu Hausawa mukan ce mata-maza, malamai kuwa su ce hunsa. Lamarin ba baƙo ba ne, domin da hukuncin gadonsa Shehu Halil ya rufe littafinsa Muhtasar. Magabata ba su ji kunyar tattauna shi ba, don haka mu ma kada mu ji.

Likitoci sun gano cewa abin da ya fi jawo wannan ga 'ya mace shi ne larurar wasu 'yan tsoka biyu da ke zaune bisa ƙoda. Aikinsu fitar da sinadaran da ke riƙe gishiri da ƙarfin jiki. Idan suka gaza, sai su riƙa zubo sinadarin maza fiye da kima tun jaririyar tana ciki, ta fito da kamar namiji alhali tana da mahaifa. A duniya ana samun wannan ga kimanin jariri 1 cikin 15,000. Gado ne daga uwa da uba baki ɗaya, saboda haka kada a ɗora wa uwa laifi. Inda auren zumunci ya yawaita, yakan fi bayyana.

Ga inda haɗarin yake. Da yawa daga cikin waɗannan jarirai gishirin jikinsu yakan tsiyaye a mako na 2 ko na 3, wato bayan an watse daga suna. Sai amai, da ƙin kama nono, da ramewa, har a rasa rai ana zaton iska ce. Jariri namiji ma yakan zo da larurar ba tare da wata alama a waje ba.

Tantancewa kuwa tana yiwuwa. Akan auna gishiri da sinadaran jini, a yi hoton ciki don neman mahaifa, sannan a gwada ƙwayoyin halitta. Asibitinmu na nan Daura zai iya tura iyaye manyan asibitocin koyarwa na Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Wanda aka ɗora bisa magani da wuri yakan girma ya yi karatu kamar kowa, muddin ba a yanke shan maganin ba.

Roƙona ga wannan ƙungiya guda biyu ne. Na farko, a tara ungozomomi da wanzamai na Daura, Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Baure a faɗakar da su: in an ga shakka, a kai asibiti kafin ranar suna, kuma kada aska ta taɓa jaririn. Na biyu, a ware wani abu daga asusunmu domin kuɗin mota da na gwaji ga marasa hali, cikin sirri da mutunci.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ja zamanin Mai Martaba Sarki. Wassalamu alaikum.