TUMATIR MAI HASKE

  

Ran nan a kasuwar Gando wata tsohuwa mai sayar da kayan miya ta tsai da ni, ta ce, "Malam, zo ka duba mini wannan." Jikanta ya miƙo waya. Sai ga hoton wata gona a ƙasar aljanu, dare ya yi tsaka, kowane ɗan tumatir yana ci kamar fitila, har ganyayen suna walƙiya. Tsohuwa ta ce, "Ɗana, in akwai irinsa zan saya. Da shi sai in baje kayana bayan magariba, ba ruwana da sayen batir."

Na ce mata, "Iya, riƙe kuɗinki. Wannan hoto zanen kwamfuta ne. Duk wanda ya miƙo miki ƙullin iri ya ce na wannan tumatir ne, kuɗinki ya ke so."

Amma kada ku ce zancen duka tatsuniya ne, gama akwai gaskiya a gindinsa. Ku saurara.

Kun san maƙesu, ɗan ƙwaron nan da ya ke ƙyalli a bakin fadama da damina. A cikin 1986 waɗansu masana a jami'ar Kalifoniya, a birnin San Diyego na Amurka, suka ciro ƙwayar halittar da ta ke ba shi haske, watau ɗan abin nan na cikin jiki wanda ɗa ya ke gadonsa wurin iyaye. Suka sa ta cikin ganyen taba. Taba kuwa ta yi haske. Amma sai an shayar da ita wani magani, hasken kuma ƙanƙane ne ƙwarai, da na'urar ɗaukar hoto aka kama shi. A 2020 kuma masana a Mosko, tare da abokan aikinsu na waɗansu ƙasashe, suka bi wata hanya. Akwai wata laimar kwaɗi mai haske da dare. Suka ɗauki ƙwayoyin halitta 4 daga gare ta, suka sa wa taba, ta riƙa ba da koren haske da kanta, ba sai an ba ta kome ba. Daga nan a 2024 wani kamfani, Light Bio, ya fara sayar da wani fure mai suna fetuniya a Amurka, tukunya guda dala 29. Da rana fari ne. Da dare, in an kashe fitila ido ya saba da duhu, sai a ga yana haske kamar na farin wata.

To, taba da fetuniya da tumatir 'yan gida ɗaya ne, su da gauta da barkono. Saboda haka ba ni cewa ba za a taɓa yi ba. Amma wannan haske ba ya isa a ƙidaya canji da shi, balle a gane ruɓaɓɓe a cikin kwando.

Ni kuwa, in da za a tambaye ni, ba na son gonata ta yi haske da dare. Ga dalili.

Akwai wani ɗan malam-buɗe-littafi, toka-toka, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Masana suna ce da shi Tuta absoluta, manoman Kano kuwa sharon. Daga Amurka ta Kudu ya fito, inda tumatir kansa ya samo asali. A 2006 ya shiga Sifen, daga can ya ƙetaro Afirka. A 2016 ya auka wa gonakin Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar tumatir ta Kadawa ta tsaya don rashin kaya. Kwando ya yi tsadar da matan aure suka koma wa na gwangwani. Ƙwaro kuwa bai san iyakar ƙasa ba, ba ya tsayawa a Sinkase a duba takardunsa.

Da rana yana ɓuya. Da dare ya ke tashi, haske kuwa ya ke bi. Mace guda tana iya yin ƙwai fiye da 200. Tsutsar ta kan shige tsakiyar ganye ta yi ta ci daga ciki, shi ya sa feshi ba ya cika samunta. Cikin wajen wata guda 'ya'yanta sun tashi. Ashe tumatir mai haske, sai ya zama kamar mai buga wa ɓarawo ganga.

Amma ku masu noman rani a bakin rijiyoyi da madatsai na wajen Dapaong, ga inda haske ya ke da amfani. Ku sami kwano mai faɗi, ku zuba ruwa da ɗan sabulu, ku rataya fitila mai cajin rana a bisansa, a gefen lambu. Ƙwaro ya zo neman haske, ya faɗa ruwa. Da safe ku duba. In kun ga sun yi yawa, ku bi ganyaye ɗaya ɗaya. Wanda ya yi farin tabo kamar an kankare shi, ku tsinke ku binne da zurfi, kada ku yar a kan kunya. Bayan girbi ku tumɓuke karan ku ƙone. Kada kuwa ku bi tumatir da gauta a wuri guda, gama ƙwaron yana cin dangin duka. Ku gaya wa maƙwabcin lambu shi ma ya yi, don in kai kaɗai ka kafa tarko, nasa za su zo maka.

Da na gama, tsohuwa ta yi dariya, ta ce wa jikanta ya mai da waya aljihu. Ta ce fitilar da ta ke kunnawa a rumfa, in ta tashi kasuwa, za ta aika wa ƙanenta da ita lambu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.