Jita-jitar Satar Mota A Ma'aunin Shari'a

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, abin da za mu tattauna a wannan zama shi ne saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook game da dabarun ɓarayin mota. Da yawanmu muna tura su da kyakkyawar niyya, to amma niyya ba ta mayar da ƙarya gaskiya. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta wajabta mana bincike kafin mu yi aiki da labari. Malaman tafsiri sun ambaci cewa ta sauka ne a kan wani labari maras tushe game da Banu Musɗaliƙ, wanda ya kusan jawo a yaƙe su. Haka nan Imamu Muslim ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga mai faɗin duk abin da ya ji.

To, mu ɗora saƙonnin nan a ma'auni. Wani ya ce idan ka kulle makulli a mota, sai a danna maka rimot ta waya daga gida, ƙofa ta buɗe. Wannan ba ya yiwuwa, domin rimot da zangon rediyo yake aiki, ita kuwa waya sauti take ɗauka. Wani ya ce ana buɗe ƙofa da ƙwallon tanis mai huda. An gwada wannan a wani shirin talabijin na Amurka, ƙofa ba ta buɗe ba. Wani kuma ya ce ɓarawo yakan cusa kwabo a mariƙin ƙofa don ta ƙi kulluwa. Alhali abin da ke kullewa yana cikin ƙofar ne, ƙaramin injin lantarki ke motsa shi. Dukkansu babu isnadi: ba wanda ya gani, sai "an ce".

Wannan ba ya nufin babu haɗari. Akwai na'urar da ɓarayi ke amfani da ita su danne saƙon rimot, mai mota ya danna ya tafi, ƙofa kuwa a buɗe take. An sha fama da wannan a Afirka ta Kudu. Akwai kuma masu janyo saƙon makulli daga cikin gida zuwa jikin mota, a motocin da ake tayarwa da maɓalli. Sannan daga 2021 aka yi ta satar wasu motocin Kia da Hyundai a Amurka, saboda ba su da na'urar da ke hana inji tashi sai da makullinsa na asali, har kamfanonin suka fito da gyara a 2023. Mai sayen tokumbo ya tambayi bakanike game da wannan.

Illar jita-jita biyu ce. Ta farko, tana shagaltar da mu: muna leƙen kwabo, mun manta da jan ƙofa. Ta biyu ta fi muni, ita ce zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Yaro ya jingina da mota, a yi ihun "ɓarawo", jama'a su rufe shi da duka. A Indiya, a 2017 da 2018, an kashe mutane saboda jita-jitar satar yara a WhatsApp, har kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda. Wanda ya tura yana da kamasho a cikin wannan jini.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa: bayan danna rimot, mu ja ƙofa da hannu mu tabbatar. Mu sa makullin sitiyari. Kada mu bar jaka ko waya a kan kujera. Makullin motar zamani mu ajiye shi nesa da ƙofar gida, cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi. Wanda muke zargi mu miƙa shi ga hukuma. Saƙon da ba mu san asalinsa ba, ya tsaya a hannunmu. Tirmizi ya ruwaito cewa an umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, wannan ita ce Sunna.

Allah Ya tsare mana imaninmu da dukiyoyinmu da harsunanmu.