Kafin a ƙure wa katin hoto gudu

A Sheda da ke kan hanyar Abuja zuwa Lokoja ne Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da cibiyar kimiyya ta SHESTCO suke. Aikin bincike irin nasu na son kwamfuta mai ƙarfi, ƙarfin nan kuwa yau yawanci a katin hoto yake.

Wutar da ke shiga katin volt 12 ce, ƙwaƙwalwarsa kuwa kusan volt 1 take sha. Wasu ƙananan layukan rage wuta ne ke wannan aiki, suna karɓa-karɓa. In suna da yawa, kowanne ɗan kaya yake ɗauka, kamar 'yan dako sun raba buhuna. In kaɗan ne, ka kuma ƙara wa katin gudu fiye da yadda kamfani ya saita, su za su fara gasuwa. Ƙarin zafi na digiri 10 kan cinye rabin rayuwar kapasitar da ke cikin layukan nan. To, ga zafin Maris a Sheda, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Kada yawan layuka ya ruɗe ku; 8 masu inganci sun fi 12 na banza. Malam mai bincike, share ƙura, tanadi iska, ka bar katinka a gudun kamfani.