Bindigar da Aka Tarar a Akwatin Baba

Shugaban taro, iyayenmu, malamai da sauran 'yan'uwa, an ba mu minti kaɗan ne, don haka za mu tafi kai tsaye.

Mu 'yan kasuwa akan kira mu wajen rabon gado don mu yi wa kaya kuɗi. Gida, gona, shanu, keken ɗinki, duk mun san farashinsu. To, kwanakin baya a wani gida a nan Jalingo, da aka buɗe akwatin ƙarfe na mamaci, sai ga ƙaramar bindiga naɗe cikin tsohon bargon soja, tare da lambobin girma biyu da takardar sallama. Nan take wani daga cikin samarin gidan ya ce wai wani dillali ya gaya masa Turawa na sayen irinta da dala, a sa ta cikin lissafi. Wannan ne ya sa muka roƙi a ba mu wannan dama, domin mun san ba gidan kaɗai ke da irin wannan ajiya ba.

Garin nan ya daɗe da sanin bindigar Bature. A 1892 wani hafsan Faransa, Laftanar Mizon, ya taimaki Sarkin Muri Muhammadu Nya da makamai wajen yaƙin Kona, a 1893 kuma aka kafa Jalingo. Daga 1914 zuwa 1916 aka gwabza tsakanin Ingila da Jamus a Kamaru, har Garwa da Banyo suka faɗi a 1915. Sai yaƙin Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka kwashi kakanninmu da yawa. Sai yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Duk yaƙin da aka gama, sai ka iske wani ya dawo gida da abin da bai mayar ba.

Yaya za a gane ta? Idan libarba ce mai nauyi, wadda ake karyawa a tsakiya a zuba harsashi shida, da zobe a gindin ƙotarta na ɗaura igiya, to galibi ta Ingila ce. Duba gefenta. In ka ga an buga Webley Mark VI, to sojan Ingila sun fara riƙe ta a 1915. In Enfield ce, ƙanwarta ce mai ƙaramin harsashi, ta shigo a 1932, kuma ita aka fi rabawa a yaƙin Hitila. Akwai wata 'yar alama kamar kan kibiya, ko ka ce sawun kaza: shaida ce cewa kayan gwamnatin Ingila ne. Wato tun asali ma ba ta Baba ba ce, amana aka ba shi, Allah Ya gafarta masa. Ta Jamus kuwa, Luger, ƙotarta a karkace take, harsashinta ta cikin ƙotar yake shiga, kuma sau da yawa shekarar ƙira na nan a samanta.

Amma don Allah, dubawa da ido muke nufi. Kada a taɓa kunama. Harsashin da ya shekara tamanin yana iya tashi, kuma yara ba sa nisa da inda manya suka taru.

Batun kuɗi kuma. Gaskiya ne a Ingila da Amurka akwai masu tara irin waɗannan. Suna duba ko lambobin da ke jikin sassanta sun yi daidai da juna, ko launinta na asali yana nan, ko akwai takardar da ta nuna wanda ya riƙe ta. Wanda ya goge tsatsa da yashi don ta yi ƙyalli ya kashe darajarta. Kuma Webley ba abu ne mai wuyar samu a can ba, dubu ɗaruruwa aka ƙera. Amma wannan kasuwarsu ce. A nan, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta, komai tsufansu, sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. Ba kamar bindigar toka ta maharba ba, wadda Kwamishinan 'Yan Sanda ke iya ba da izininta. Lasin kuma ba a gadonsa. Wanda aka kama da ita, ɗaurin shekara goma ke jiransa. Ga kuma dokar kayan tarihi ta 1979, wadda ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba. Dillalin da ya ce zai kai wa Bature, wa ya tabbatar mana ba dajin da ake sace mana 'yan'uwa zai kai ta ba?

Abin da muka gaya wa magadan nan shi ne: ba za mu yi wa bindiga kuɗi ba, don ba hajar da za a iya sayarwa ba ce. Muka sa aka ɗauki hotonta da na alamominta, aka zaunar da gwaggonsu ta faɗi abin da mahaifinsu ya ba ta labari na Bama, jikanta yana rubutawa. Daga nan babban wansu ya tafi wurin mai unguwa, suka sanar da 'yan sanda, su suka zo suka ɗauka, aka ba su takardar shaida. Ba a yarda wani ya sa ta a aljihu ya hau babur da ita ba. Sun kuma roƙi a rubuce cewa in da hali a miƙa ta ga hukumar gidajen tarihi, da sunan mahaifinsu a jikinta.

Lambobin girma da takardar sallama suna wurin babban wan. Kowane ɗaki kuma an ba shi kwafin labarin.